Alayyafon Iya da Kwalayen Badamagare

Shekarar da masu ɗinki suka riƙe mini kaya, na zauna a Guangzhou fiye da yadda na yi niyya. Kayan yara na yi oda a kasuwar Shahe, riguna da wanduna na Sallah. Aka ɗinka rabi, aka ce yadi ya ƙare, a jira. Kullum na je sai lawban ɗin, wato mai shagon, ya kaɗa hannu ya ce "meyo", babu, sai gobe. Goben nan ta yi ta haihuwar wata goben. Daga Kano kuma waya ba ta hutawa, masu jiran kaya suna tambaya ko jirgin ruwa ya taso, alhali kayan ko kwali ba su shiga ba.

Ni mutum ne da aka san shi da haƙurin zama. Na yi shekaru gaban malam, ƙafa a naɗe, allo a cinya, ban taɓa jin zaman ya dame ni ba. Amma a garin nan na kasa. In na idar da sallar Asuba na ɗauki carbi, kafin in kai ƙarshen wuridi sai in ga na miƙe ina leƙen taga, kuma babu abin gani sai bangon gidan maƙwabta da kayan shanya. Mun kama ɗaki ne a Sanyuanli, cikin wani lungu inda gidaje suka kusa haɗa goshi, a hawa na sama, matattakalarsa siririya ce kamar an yi ta don mutum ɗaya maras kaya. Ni da abokina muka haɗa haya, wani Badamagare mai sayen takalma. Tunda ni Bakano ne, wasan da ke tsakaninmu bai bar mu ko a China ba. Ba ya kirana da komai sai "bawana", ni ma haka nake ce masa, sai in zance ya yi nauyi ya koma ce mini Malam.

Abinci ma ya ƙara mini rashin sukuni. Tsoron alade da mansa ya sa ba na sa hannu a komai sai burodi da shayi, sai taliyar da Musulmin ƙasar suke ja da hannu. Taliyar tana da daɗi, amma ba a yi cikin Bahaushe don ya rayu a kanta ba. Ina tafe ido biyu ina mafarkin miyar ganye.

A cikin yawon da nake yi da safe don in kashe lokaci na faɗa wata kasuwar kayan lambu a bayan lungunmu. Manoma ne daga bayan gari suke kawo kaya tun da jijjifi a kan babura masu ƙafa uku, ganyen da laimarsa, wani da sauran ƙasa a saiwarsa. Na kau da kai daga layin nama na bi layin ganye, sai ga alayyafo. Nasu yana da ja a tsakiyar ganyen, amma shi ne. Ga kuɓewa dogaye, ga kabewa an yanka ta tsagi-tsagi. Na ɗauki ɗauri guda na kai hanci, na tsaya kamar wanda aka miƙa wa turare, sai na ji ni a 'Yankaba da sassafe.

Dariya na ji a gefena. Tsohuwar da ke ɗakin ƙasa a gidanmu ce, wadda ƙofarta ke gindin matattakala. Gajeriya ce mai furfura, tana jan ɗan keken cefane. Mijinta yana da shanyewar ɓarin jiki, kullum yana kan wata kujerar gora yana kallon ƙofa. Iya muke ce mata tsakaninmu, kuma kafin ranar babu abin da ya haɗa mu sai gaisuwar "nihaw" in za mu wuce. Ta nuna ganyen, ta nuna ni, ta yi alamar kai loma baki, wai mu ma muna ci? Na gyaɗa kai da ƙarfi. Na lura ita ba kuɗi ta miƙa ba. Wani kati ta ɗora a kan 'yar na'ura, a rumfar da aka liƙa wa jar alama, na'urar ta yi ƙara, aka zuba mata kayanta a keke.

Washegari ina saukowa ta tare ni da wata jar roba, irin ta wanke shinkafa. Alayyafo ne a ciki, da kuɓewa, da tsagin kabewa. Ta tura mini ta juya, ko "shiye-shiye" ɗina na godiya ba ta tsaya ji ba.

Ranar muka tuƙa tuwon shinkafa a tukunyar lantarki. Badamagare ya sa hannu ya yi loma, ya rufe ido. "Bawana," ya ce, "ashe kana da amfani."

A gidanmu ba a mayar da kwano fanko. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, in maƙwabta suka aiko da abinci, ko gishiri ne sai ta ƙulla ta sa a kwanon kafin ya koma. Saboda haka na wanke robar na zuba dabino na kai. Iya ta karɓa tana murmushi. Bayan kwana biyu roba ta dawo da ganye. Haka muka ɗan yi, ganye ya hau, dabino ko lemo ya sauka, kuma da an tsaya a nan da babu labari.

Akwai wani mutumin Zangon Kumasi da ke tura mana kaya, ofishinsa na ginin Tianxiu. Ya daɗe a ƙasar har ya ji harshensu, Ɗan Zango muke ce masa. Da ya ji labarin miya sai ya zo cin tuwo, a hanyar hawowa ya tsaya suka gaisa da Iya suka ɗan yi hira. Shi ya bayyana mana katin. Ya ce tallafi ne da hukuma ke ba gidajen masu ƙaramin ƙarfi, a sa musu wani abu a kati su sayi ganye da 'ya'yan itace a rumfunan manoman nan. Likita ya ce mijin ya rage mai da gishiri, ya yawaita ganye, to da katin nan take haɗa masa romonsa kullum.

Badamagare ya tsame hannu daga kwano. "Malam, abincin miskinai muke ci?"

Na ce masa abin da aka ba ta ya zama nata, in ta yi kyauta da shi halal ne. Haka yake a karatu. Amma ni ma na tsame hannuna.

Ɗan Zango ya yi tafiya wani gari wajen masana'antu a makon, aka bar mu da hankalinmu. Badamagare ya fara da buhun shinkafa. Sannan fanka mai tsayuwa, don zafin garin mai ɗanko ne, kuma ya ga tsohon yana gumi. Ni na kai bargo da sabuwar tukunyar lantarki. Ya zaɓo takalmi mai kyau cikin samfurinsa ya kai wa mutumin da ya yi shekaru bai taka ƙasa ba. Ranar Juma'a bayan an sauko ya ba 'yan uwa labari a bakin masallaci, cewa akwai wata tsohuwa da gwamnati ke ciyar da ita, amma ita take ciyar da baƙi. Kowa ya ce Allahu akbar. Mai atamfa ya aiko da turmi. Wani Bamaraɗe mai kayan wuta ya aiko da ɗan ƙaramin firji sabo a kwalinsa.

Duk abin da muka kai, Iya takan ɗaga hannu biyu ta ce, "Bu yaw, bu yaw." Mun san kalmar, ba na so ke nan. Amma mun san tsofaffinmu na gida.

"Kara ce," in ji Badamagare. "Kakata ma haka take, sai ka ajiye ka gudu."

Sai mu ajiye mu gudu.

Ana cikin haka takalmansa suka fito daga masana'anta kafin motar da za ta kai su tasha ta samu. Kwalaye ne manya, muka tsaya muna duban matattakala, matattakala tana dubanmu. A gida wannan ba abin tunani ba ne, in kaya suka yi maka yawa sai ka ajiye a zauren maƙwabci. Ya je ya yi wa Iya nuni da hannu, kwana biyu kawai. Ta dubi fanka, ta dubi firji, ta dube shi, ta daɗe, sannan ta matsa daga bakin ƙofa. Muka jera kwalaye har suka kusa taɓa silin, aka bar wa tsohon 'yar hanya da zai riƙa hangen waje. Ni na zauna na rubuta wa kowane kwali alamar mai shi da garinsa da ajami, don Badamagare ya ce hannuna ya fi nasa, kuma ɓarawon tasha ba zai gane na wa ya fi tsada ba. Motar ba ta zo a kwana biyu ba. Ita ma ta shiga sahun gobe.

Wata safiya na sauko na tarar da wata mata sanye da jar riga maras hannu a ɗakin Iya, tana ɗaukar hoto da waya. Ta ɗauki kwalaye, ta ɗauki firji, ta ɗauki buhu. Na yi mata nihaw da fara'a, har raina yana ce mini yau hukuma za ta ga halin Musulmi. Masu wani wasa irin na dara a tebur a bakin lungu sun tsaya da wasansu suna kallo. Iya tana tsaye a gefe, hannuwanta cikin aljihun riga, ba ta dube ni ba.

Daga ranar roba ba ta sake hawa ba. In na gaishe ta sai ta amsa da ka. Na ce ko wani abu muka yi, Badamagare ya ce ƙila ba ta jin daɗi ne, a kai mata zuma.

Na gane da idona ne, wani yammaci gab da Magariba, na dawo daga Shahe da "meyo" ɗin ranar. Na bi ta kasuwar ganye lokacin ana tashi, ana wanke daɓe da tiyo. Sai na hango ta a tsugune bayan rumfa, tana tsince ganyen waje da masu sayarwa suka ɓare suka zubar, tana kakkaɓewa tana sawa a keke. Na ja da baya na laɓe a jikin ginshiƙi don kada ta gan ni. Sallar Magariba ta ranar, Allah ya karɓa, amma ban san surar da na karanta ba.

Da Ɗan Zango ya dawo muka ja shi ɗakinta. Tun daga ƙofa ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Alhaji, wa ya buɗe mangazar ajiye kaya a nan?"

"Ajiya ce ta kwana biyu," in ji Badamagare.

"Firjin ma ajiya ne?"

"Wannan sadaka ce."

Ya shiga suka yi magana da Iya. Ta daɗe tana yi, muryarta ƙasa-ƙasa, tana nuna wannan tana nuna wancan. Da ya juyo ya ce, "Ku dai kun kashe tsohuwa da alheri." Tallafin na wanda ba shi da shi ne, kuma daga ofishin unguwa akan zo lokaci-lokaci a ga halin da gida yake ciki. Wani a lungun ya kai magana cewa Iya ta ba baƙi hayar ɗakinta suna ajiye kaya, tana samun kuɗin shiga ta ɓoye. An zo an ga kwalaye, an ga sabbin kaya. An tsayar da katin sai an gama bincike. Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya ɗaga mata murya, ƙa'idarsu ce haka.

"To me ya hana ta faɗa mana?" na tambaya.

"Ta ce ta faɗa. Kullum tana faɗa."

Badamagare ya buga ƙirji. "Shi ke nan? Ganye ne fa! Mu za mu saya mata. Wallahi in cika mata ɗakin nan da kabeji har ta rasa wurin kwana."

"Ka riga ka cika shi," in ji Ɗan Zango. "Bizarka saura yaushe? In ka hau jirgi wa zai sayo na watan gobe?"

Badamagare ya sauke hannu daga ƙirji. Baƙo raɓa ne, mu duka mun sani. Rana tana fitowa za mu bushe, tsohon nan kuwa yana nan kan kujerarsa yana jiran romo.

Abin da Iya ta roƙa guda ne: mu kwashe. Ba kwalaye kaɗai ba, duka, har fanka. Wannan ya yi mini nauyi fiye da yadda zan iya faɗa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san da me aka kwatanta mai janye kyautarsa, kuma ba kwatanci ne mai daɗin maimaitawa ba. Tsakanin Azahar da La'asar ina hawa ina sauka, in zauna in tashi. Daga ƙarshe na ce wa raina, ba mu muka nema ba, mai abin ce ta ce a ɗauke mata, kuma kyautar da ta hana mutum abincinsa ban san sunan da za a kira ta da shi ba.

Ɗan Zango ya ce a yi da rana tsaka, kowa yana gani. Haka muka yi. Dattawa biyu da furfura a gemu, muna ɗaukar kwali a ka muna cusa shi ta matattakalar nan, kwali ya maƙale, mu ja da baya, mu karkata. Masu wasan tebur har juyo da kujerunsu suka yi.

"A hankali, bawana," in ji Badamagare daga sama, yana haki. "Tun kakanni dama ku ne 'yan dakonmu."

"Ka ja dai, kada in sake maka shi a ƙafa."

Firji ne ya kusa kashe mu. Da muka zo ɗaukar fanka, tsohon ya bi ta da ido har ƙofa, ya yi wani sauti a maƙoshi. Iya ta dafa kafaɗarsa ta ɗauki mafici. Ɗakinmu ya cika har babu wurin sujada, sai a ɗan filin da ke saman matattakala muke shimfiɗa darduma, ɗaya ya idar ɗaya ya tayar.

Saura zuwa ofis. Ɗan kasuwa baƙo a garin nan ba ya kai kansa inda ake tambayar fasfo, ko da takardunsa lafiya lau suke. Badamagare kuwa bizarsa ta kusa cika, ya ce mu je mu faɗa da yawunsa. Na ce to. Da safe ina sa hula sai na ga ya fito da babbar rigarsa ta Juma'a yana warwarewa.

"Ina zuwa?"

"Kwalayena ne. In na bar Bakano ya yi bayani, cewa zai yi nasa ne."

Matar mai jar riga muka samu. Ta duba fasfo ta mayar mana, ta duba takardun takalma, ta saurari Ɗan Zango. Ta tambaya ko mun taɓa biyan tsohuwar kuɗin ajiya. Muka ce ko sau ɗaya. Sai ta yi wata tambaya da ta sa Ɗan Zango ya sosa ƙeya kafin ya fassara.

"Wai me zai sa mutum ya ba wanda ba danginsa ba firji?"

Na ce ya gaya mata a ƙasarmu in maƙwabci ya aiko da abinci, ba a mayar masa da kwano babu komai. Ya faɗa. Ta dube ni, ta dubi Badamagare da babbar rigarsa, ta sake magana.

"Ta ce, ɗaurin ganye guda, firji?"

"Ce mata ba ni kaɗai ba ne," in ji Badamagare. "Mu da yawa ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta yi rubuce-rubucenta, ta ce za a sake zuwa a duba, sannan na sama su yanke. Yaushe? Ba ta sani ba. Muna bakin ƙofa ta ƙara wata magana: fanka ba komai ba ce, a mayar wa tsohon.

Jira ya zama biyu. Mota ta zo ta kwashe takalma, Badamagare ya tafi kafin bizarsa ta cika. Firji ya koma wurin mai shi, shinkafa da atamfa muka kai masallaci. Na rage ni kaɗai a ɗaki, ɗakin ya yi mini faɗi. Kullum sai ya kira daga Damagaram, ko sallama ba ya gamawa.

"Malam, an buɗe katin?"

"Tukuna."

"Kana dai zuwa kana dubawa?"

Ina zuwa. Kowace safiya nakan tsaya nesa da rumfa mai jar alama, in yi kamar ina taya kuɓewa, idona yana kan hanya. Sau da yawa na yi niyyar in sayi ganye in rataye mata a ƙofa, in tuna idanun lungun, in fasa. Sai Ɗan Zango ya yi magana da mai rumfar, ina ba ta abin da ya sauwaƙa, ita kuma in an tashi kasuwa takan ɓare ganyen waje da ɗan yawa ta ajiye a gefe guda. Iyakar abin da na iya ke nan, kuma ban san ko Iya ta gane ba.

Kayana suka fito, aka loda, ranar jirgina ta tsaya. Abin da na yi wata da watanni ina roƙo ya samu, amma na kasa murna. Na sa a raina zan tafi ban san makomar katin ba.

Jajibirin tafiyata na je kasuwar don in yi bankwana da ita da ido. Ina tsaye sai ga keken cefane. Iya ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta tsaya a rumfar, ta zaɓi alayyafo, ta zaɓi kabewa, ta sa aka yanka mata awara. Ta ciro katin ta ɗora. Carbi yana hannuna a aljihu, na ji na damƙe shi. Na'urar ta yi ƙararta, mai rumfa ta zuba kaya a keke.

Da na koma gida, ban kai hawa na biyu ba na ji ana buga ƙarfen matattakala. Na leƙo, ga Iya da jar roba a hannunta.

Na dafa, na ci ni kaɗai, na wanke robar na goge ta. Akwai sauran dabino a jakata wanda ba zan koma da shi gida ba. Hannuna ya kai kansa, har na buɗe ledar. Na tuna mahaifiyata da ƙullin gishirinta, na nema mata gafara, na mayar da ledar na ɗaure.

Ban taɓa jin nauyin kwano kamar na wannan robar ba. Na ƙwanƙwasa, Iya ta buɗe, fanka tana juyawa a gefen tsohon. Na miƙa mata da hannu biyu, kaina a ƙasa. Ta leƙa ciki, ta kife ta, ta bubbuga gindinta da yatsa ko wani abu zai faɗo. Babu. Sai ta fashe da dariya har da riƙe ƙofa, tana cewa "haw, haw", wato madalla, ta juya ta nuna wa mijin robar, shi ma rabin bakinsa ya motsa.

Ina komawa sama na kira Damagaram. Na ce an buɗe. Na ji ya sauke numfashi, ya yi hamdala, ya maimaita. Sannan na ba shi labarin roba.

"Fanko ka mayar?"

"Fanko."

"Ko dabino guda?"

"Ko guda."

"Allah sarki," ya ce. "Dama ku Kanawa irin wannan ƙasar kuke nema, inda ake ci a mayar da kwano fanko."